Littafin Emanuel Vigeland: inda aka kwana da inda aka tashi

12 ga Janairu, 2025

Yau na buɗe wannan kundi domin in riƙa rubuta yadda aikin ƙaramin littafin da na ƙudura yi da Hausa a kan Emanuel Vigeland yake tafiya, saboda na lura cewa idan ban ajiye lissafin abin da na yi da abin da ya rage ba, watanni za su shuɗe ina ta karance-karance ba tare da na ɗora alƙalami a takarda ba. Mutumin ɗan ƙasar Norwe ne, mai zane da fenti, mai sassaƙa, kuma gwanin haɗa tagogin gilashi masu launi. An haife shi ranar 2 ga Disamba, 1875 a yankin Mandal, can ƙarshen kudancin ƙasar, ya kuma rasu a Oslo ranar 22 ga Disamba, 1948. A Disambar bana ke nan zai cika shekara 150 da haihuwa, kuma wa'adin da na ɗibar wa kaina shi ne in kammala rubutun kafin wannan rana.

Duk baƙon da ya zo Oslo zai ji sunan Vigeland, amma wanda ake nufi shi ne wansa Gustav, mai filin mutum-mutumi na unguwar Frogner, inda jama'a suke tururuwa rani da damina. Na yi shekaru ina zaune a garin nan kafin in ji cewa yana da ƙane wanda shi ma ya bar aiki mai yawa. Hausawa suna cewa inuwar giginya na nesa ka sha ta, kuma abin da na gani ke nan a tsakanin 'yan'uwan nan biyu: sunan Gustav ya amfani birnin Oslo da ƙasar baki ɗaya, amma ƙanen da yake tsaye a gindinsa bai samu komai ba sai rufewar suna. Dalilin da ya sa na zaɓi ƙanen ke nan. Na tsara babi shida: ƙuruciya, koyon sana'a, tagogi, zanen bango, tsakaninsa da wansa, sai kuma ɗakin da ya gina wa kansa a Slemdal.

26 ga Janairu

Gani ya kori ji. Ranar Lahadi ake buɗe gidan tarihin Emanuel ga jama'a, don haka yau na hau jirgin ƙasa na cikin gari, layi na 1 mai hawa zuwa Holmenkollen, na sauka a Slemdal, na taka a cikin dusar ƙanƙara ta tsakanin gidajen zama masu lambuna har na iske ginin. Na jan bulo ne, dogo, ba shi da taga ko ɗaya, kuma wanda bai san da shi ba zai iya wucewa ya ɗauka wata tsohuwar majami'a ce da aka rufe.

Ƙofar shiga babban ɗakin gajera ce ƙwarai, dole mutum ya sunkuya. Da na miƙe a ciki ban ga komai ba sai duhu, na tsaya cik ina jin numfashin mutanen da suka riga ni shiga. Bayan 'yan mintoci idanuna suka fara sabawa da 'yar fitilar da aka sa a ƙasa, sai siffofi suka riƙa fitowa daga bango ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda bishiyoyi suke bayyana wa matafiyi da asuba. Bango da rufin, wanda aka lanƙwasa shi kamar bakan gizo, duk zane ne guda ɗaya da ya mamaye kimanin murabba'in mita 800, ya kuma sa masa suna Vita, wato rayuwa da harshen Latin. Abin da ke cikinsa shi ne ɗan Adam tun daga ɗaukar cikinsa har zuwa mutuwarsa: mata masu naƙuda, jarirai, maza da mata a rungume da juna babu sutura, tsofaffi, sai ƙasusuwa da ƙoƙunan kai waɗanda sababbin haihuwa suke tasowa daga kansu. Ɗakin yana riƙe sauti ta yadda ƙaramin tari ko motsin takalmi yakan yi ta yawo na daƙiƙu masu yawa kafin ya mutu, saboda haka kowa yakan kame bakinsa ba tare da an ce masa ya yi shiru ba.

A 1926 ya fara ginin, da niyyar ya zama gidan ajiye zane-zanensa da sassaƙe-sassaƙensa. Daga baya ya sauya shawara, ya sa aka toshe tagogin da bulo, ya mai da wurin makwancinsa, ya kira shi Tomba Emmanuelle. Da ya mutu an ƙona gawarsa, aka zuba tokar a cikin wani dutse da aka rarake, aka ajiye shi a saman wannan gajeriyar ƙofa ta ciki, ta yadda duk mai fita sai ya sunkuya a ƙarƙashinsa. An buɗe wurin ga jama'a a 1959.

Na fito jikina a sanyaye, kuma ba zan ɓoye cewa abubuwa biyu sun tsaya mini a rai ba, a matsayina na Musulmi: ƙona gawar, da kuma wannan sunkuyon da ya tilasta wa baƙinsa. Duk da haka ban taɓa shiga wani ɗaki da ya tuna mini da kabari da gajartar kwana kamar wannan ba. Na yanke shawarar cewa da wannan ziyara littafin zai buɗe, kafin a koma Mandal.

9 ga Fabrairu

Makonni biyun nan a kan kalmomi suka ƙare, kuma ban ɗauke su asara ba. Da farko na rubuta cewa Emanuel yana yin gumaka, sai na soke, domin gunki a kunnen Bahaushe abin bauta ne, alhali babu wanda ya taɓa durƙusa wa waɗannan siffofi. Na tsaya a kan mutum-mutumi, ko da yake shi ma yana tuna wa manomi abin da ake kafawa a gona don korar tsuntsaye. Kalmar masassaƙi ma tana da nata nauyin, saboda masassaƙin da muka sani shi ne mai fafe turmi da akushi da ƙotar fartanya daga icce, yana rage abu har siffa ta fito, shi kuwa mai mutum-mutumin tagulla ginawa yake yi da yumɓu, sannan a ɗauki siffar a zuba narkakken ƙarfe. Zan bayyana wannan bambanci sau ɗaya a babi na biyu, in kira aikin zubin tagulla, domin duk wanda ya taɓa ganin kawunan tagulla na Ife ko na Bini ya san abin da ake nufi.

Zanen bango irin wanda ya koyo a Italiya na sa masa suna zanen ɗanyen yaɓe. Yadda ake yinsa shi ne a shafe bango da kwaɓin farar ƙasa da yashi, a zana da launin da aka dama da ruwa tun shafen bai bushe ba, idan ya bushe sai launin ya zama jikin bangon kansa. Saboda haka mai zanen ba ya shafe fiye da abin da zai iya gamawa a yini guda, kuma idan ya yi kuskure sai dai ya kankare ya sake. Maginan Zariya da Kano masu fitar da ado a fuskar zaure tun ƙasa tana ɗanya za su fahimci wannan gaggawa fiye da kowa.

Kalmar da ta fi ba ni wahala ita ce sunan ginin Slemdal. Wani aboki ya ba ni shawarar in ce hubbare, na ƙi, domin hubbare a wurinmu na bayin Allah ne da ake ziyarta, kamar na Shehu a Sakkwato, kuma ɗora wannan suna a kan ginin da mai zane ya yi wa kansa zai ɓata kalmar ya kuma ruɗa mai karatu. Ɗakin kabari zan riƙa cewa.

22 ga Fabrairu

Na gama zubin farko na babin ƙuruciya da na koyon sana'a. Mahaifinsu, Elesæus Thorsen, kafinta ne mai yin kayan ɗaki a Mandal, mutum mai tsananin riƙo da addinin Kirista irin na kudancin Norwe na wancan zamani, inda wa'azin zunubi da azabar wuta ya fi na rahama yawa. Ya rasu a 1886, lokacin Gustav yana da shekara 17, Emanuel kuwa yana da 10. Sunan Vigeland da suka shahara da shi sunan yankin da dangin mahaifiyarsu suke noma ne, suka ɗauke shi a maimakon Thorsen. Na daɗe a kan wannan gida, domin ina ganin duk abin da 'yan'uwan biyu suka yi daga baya yana da saiwa a cikinsa: hannun da ya saba da icce da kurfi tun yarinta, da kuma zuciyar da aka cika da tunanin mutuwa da hisabi. Ba banza ba ɗaya daga cikin manyan ayyukan Gustav na farko sunansa Jahannama, ƙanen kuma ya ƙare rayuwarsa yana zana ƙasusuwa a bangon kabarinsa.

Emanuel ya tafi babban birni a 1894 ya shiga makarantar zane, a lokacin ana kiran garin Kristiania, domin sai a 1925 aka mayar masa da sunan Oslo. Daga nan ya wuce Kopenhagen ya yi karatu a hannun shahararren mai zanen Denmak, Peder Severin Krøyer. A 1905, shekarar da Norwe ta rabu da Suwidin ta tsaya da ƙafafunta, ya tafi Italiya nazarin zanen ɗanyen yaɓe, tafiyar da ta kai shi har Masar da birnin Ƙudus. Mutumin da ya ga kaburburan Italiya na dā da na Masar masu zane a bango, ba abin mamaki ba ne idan bayan shekaru ya gina nasa.

18 ga Maris

Azumi ya rage mini ƙarfin aiki, abin da na iya yi kawai shi ne bitar abin da na riga na rubuta bayan sallar asuba. A cikin bitar na kama kuskure guda. Na rubuta cewa gidan ƙona gawa na Vestre a Kristiania, wanda aka buɗe a 1909 kuma Emanuel ya yi masa zanen bango, shi ne na farko a ƙasar, alhali na birnin Bergen ya riga shi da shekara biyu. Na gyara. Abin da ya fi kuskuren muhimmanci shi ne abin da ya nuna mini: tun yana ɗan shekara talatin da 'yan kai aka fara ba shi aikin ƙawata ɗakin da ake bankwana da mamaci, don haka ɗakin Slemdal ci gaban wata tsohuwar hanya ce da ya daɗe a kanta.

12 ga Afrilu

Da gangan na jinkirta zuwa babbar majami'ar Oslo har rana ta dawo, domin a watan Janairu hasken yini a nan bai kai awa takwas ba, kuma tagar gilashi mai launi ba ta da rai sai da rana a bayanta. Majami'ar tsohuwa ce, tun 1697 aka buɗe ta, tagogin Emanuel kuwa suna can ƙuryar gaba, an sa su tsakanin 1910 da 1916. Na shiga da hantsi na zauna kusan awa biyu ina kallon yadda ja da shuɗi suke sauka a kan bango suna matsawa a hankali yayin da rana take tafiya. Daga waje tagogin baƙaƙe ne, ba su da wani kyan gani, sai wanda ya shiga ciki ne yake samun rabonsa.

Na rubuta shafuka huɗu a kan yadda ake wannan aiki, domin na tabbata mai karatu zai fi daraja shi idan ya san wahalarsa. Ana fara zana hoton a takarda daidai girman tagar, a raba shi gunduwa-gunduwa. Launin gilashin tun a wurin narka shi ake sa shi, ta hanyar zuba masa garin wasu ƙarafa, kowane ƙarfe da launin da yake bayarwa. Sai a yanka kowace gunduwa daidai da siffarta, a zana fuska da ninkin tufafi da wani baƙin fenti, a gasa a tanderu har fentin ya kama jikin gilashin, sannan a harhaɗa su da siraran sandunan dalma masu kwari a gefe biyu, a like mahaɗarsu. Waɗannan baƙaƙen layukan dalma su ne ƙashin bayan hoton, kuma gwanintar mai aikin tana bayyana ne a yadda ya sa su bi siffar mutum maimakon su yanke ta. Emanuel ya je Faransa ya yi nazarin tagogin tsofaffin majami'unta, inda wannan sana'a ta kai ƙololuwarta ɗaruruwan shekaru kafin a haife shi.

A wannan fanni ne ya yi suna a zamaninsa, har aka riƙa kiransa daga wajen ƙasa. Akwai tagoginsa a babbar majami'ar Fredrikstad, da majami'ar Oscar a Stockholm, da babbar majami'ar Aarhus a Denmak, inda tagar da ya yi a 1926 ta kai mita 14 a tsaye. Na tsaya a kan wannan shekara: a daidai lokacin da yake kafa wannan doguwar taga, a lokacin ne ya aza harsashin ginin da zai toshe wa tagogi. Mutumin da ya ci abinci da haske ya zaɓi duhu ya ajiye aikin da ya fi ƙauna, kuma ina ganin a nan zuciyar littafin take.

10 ga Mayu

Na je Vålerenga, tsohuwar unguwar ma'aikata a gabashin Oslo, duk da na san abin da nake nema ba ya nan. Emanuel ya ƙawata majami'ar unguwar da zanen bango da tagogi, amma gobara ta cinye ta a watan Satumba na 1979, aikinsa ya tafi tare da ita. An sake gina cikinta a tsakanin tsofaffin bangayen dutse, tagogin da ke wurin yanzu kuma na wani mai zane ne na baya, Håkon Bleken. Wannan ita ce ƙaddarar mai aiki a jikin gini: wanda ya yi zane a kan ƙyalle ana iya ɗauke aikinsa a gudu da shi, a kai shi baje koli a Paris ko Landan, amma zanen bango da taga suna nan inda aka kafa su, idan ginin ya tafi sun tafi, idan kuma yana nan sai wanda ya tako ya gan su. Ina ganin wannan yana cikin dalilan da suka sa sunansa bai yi tafiya ba. Babi na huɗu ya tsaya a shafi tara, kuma na ƙara masa bayanin majami'ar Gjerpen da ke Skien, wadda shi ya tsara adon cikinta.

21 ga Yuni

Babin 'yan'uwan biyu ya fi kowanne ba ni tsoro, domin Gustav mutum ne mai cika wuri, idan aka ba shi shafi ɗaya sai ya ci goma. Na shafe yammaci uku a Frogner, yanzu da rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe goma na dare. Filin yana ɗauke da mutum-mutumi fiye da 200 na tagulla da na dutse. Gadar shiga kaɗai tana da 58, cikinsu har da yaron nan mai fushi yana buga ƙafa, wanda baƙi suka shafe wa hannu har ya yi ƙyalli. A kan tudu akwai dogon ginshiƙin dutse guda, mai tsayin mita 14 da 'yan kai, ɗauke da siffofin mutane 121 suna hawa kan juna, wanda masassaƙa uku suka yi shekara 14 suna fafewa. Shi ne kuma ya tsara lambar da ake bai wa wanda ya ci kyautar zaman lafiya ta Nobel.

Abin da ya shafi littafina shi ne yarjejeniyar 1921, inda hukumar birnin ta amince ta gina wa Gustav katafaren wurin aiki da zama, shi kuma ya mallaka mata ayyukansa. Ya tare a ginin a 1924. Bayan shekara biyu ƙanen ya fara nasa ginin a Slemdal. Zumuncinsu ya riga ya yi tsami, Gustav yana ganin ƙanen yana ɗibar masa tunani, kuma gaskiya ne cewa jigonsu ɗaya ne: haihuwa, soyayya, tsufa, mutuwa, da sake haihuwa. Amma hukuncina, wanda zan rubuta shi a fili a matsayin nawa, shi ne cewa mutum biyu da suka sha nono ɗaya, suka ji wa'azi ɗaya, suka binne uba ɗaya, ba sai ɗayansu ya saci tunanin ɗaya ba kafin su yi magana a kan abu guda. Bambancin yana wurin yadda suka faɗe shi. Gustav ya baza nasa a fili, ƙarƙashin sama, yara suna wasa a kai. Emanuel ya kulle nasa a ɗaki, sai mutum ya sunkuya ya yi shiru ya jira idonsa ya buɗe. Gustav ya rasu a 1943, lokacin ƙasar tana hannun sojojin Jamus, tokarsa tana cikin hasumiyar ginin da birnin ya yi masa, wanda ya zama gidan tarihinsa. Ƙanen ya bi shi bayan shekara biyar, kowannensu yana kwance a cikin aikinsa, a gari ɗaya, tsakaninsu tafiyar da ba ta kai awa guda da ƙafa ba.

19 ga Yuli

Na dawo daga Mandal jiya da dare. Jirgin ƙasa ya kai ni Kristiansand, daga nan na hau bas. Ƙaramin gari ne na fararen gidajen katako a bakin kogi, ga rairayin bakin teku a gefensa, kuma gidan da 'yan'uwan suka tashi yana nan an mai da shi wurin tarihi. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ƙanƙantar wurin, da kusancin ɗakin kwana da wurin aikin kafinta, irin kusancin da yake sa yaro ya koyi sana'ar gidansu ba tare da ya san yana koyo ba. Garin nan ya fitar da masu zane fiye da girmansa, domin Adolph Tidemand da Amaldus Nielsen ma 'yan yankin ne, kuma na ƙara sakin layi guda a babi na ɗaya domin mai karatu ya san cewa yaran kafintan sun tashi a wurin da zama mai zane ba baƙon abu ba ne. Na kuma rage maganar talauci da na cika a zubin farko, saboda gidan da na gani na mai sana'a ne mai rufin asiri.

24 ga Agusta

Na aika wa tsohon malamina na adabi a Zariya babi biyar, ya karanta, muka yi doguwar waya a daren Juma'a. Ya yaba babin tagogi, ya gyara mini jimloli da dama, sannan ya zo kan abin da na san zai zo. Ya ce, "Ɗana, mutanen da kake rubuta wa littafin nan suna wanke mamacinsu su suturta shi su sa shi a ƙasa kafin rana ta faɗi. Me kake so su yi da mutumin da ya ƙone kansa ya zauna a saman ƙofa, ya kuma cika bango da tsiraici?" Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ba na neman su yarda da shi, so nake su san yadda wani ɗan Adam a wata ƙasa ya kalli mutuwa ido da ido har tsawon shekara ashirin, ya kasa kau da kai." Ya yi shiru, sannan ya ce to in rubuta hakan a gabatarwa da bakina, kada in bar mai karatu yana laluben inda na tsaya.

Na karɓi wannan shawara, kuma ita ta sa na koma Slemdal yau. A wannan karon na lura da rubutun Latin da ke bakin shiga, wanda na wuce shi a Janairu saboda sanyi da ɗoki, ma'anarsa ita ce duk abin da Allah ya halitta tsarkakakke ne. Wannan ita ce amsar Emanuel ga masu zarginsa da batsa, kuma a ganina amsa ce ga mahaifinsa ma, da wa'azin da ya tashi a cikinsa. Zan kawo ta yadda ya faɗe ta, in kuma faɗi nawa: halitta tsarkakakkiya ce, amma sutura ma tana cikin abin da aka karrama ɗan Adam da shi. Na yanke cewa ba zan sa hoton cikin ɗakin kabarin a littafin ba. Dalili na farko shi ne kunyar masu karatuna, na biyu kuma shi ne hoto mai haske yana ƙaryata wurin, domin duhun da jiran suna cikin aikin. Hotunan tagogi da na ginin daga waje sun isa.

14 ga Satumba

Babi na shida ya kai rabi, gabatarwa kuma na rubuta ta sau biyu, ta biyun ce za ta zauna. Na gano cewa ɓangaren sassaƙa ya yi ƙaranci idan aka gwada shi da na zane, alhali mutumin ya yi duka biyun, don haka zan ƙara bayanin mutum-mutumin tagulla da ke tsaye cikin ɗakin kabarin, da kuma aikinsa na budurwa da dokin almara mai ƙaho ɗaya da ke lambun Nygård a Bergen. Saura tafiya biyu: Fredrikstad a ƙarshen wannan wata, tunda ba ta da nisa daga Oslo, sai Aarhus a farkon Oktoba, kafin rana ta gajarce ta hana ni ganin doguwar tagar yadda ya kamata. Idan na dawo zan miƙa wa Malam cikakken rubutun a tsakiyar Nuwamba, ya samu mako biyu na dubawa kafin ranar 2 ga Disamba.